Rumfar Leda: Abin Da Manomi Zai Sani Kafin Ya Biya Kuɗi

Kowa ya ratsa kasuwar Gusau cikin watan Fabrairu ya san tumatir ba shi da daraja a lokacin. Kwanduna ga su nan jibge, masu lambu suna neman mai saye, wanda ya kwana biyu kuwa sai a yanka shi a shanya. Amma in mutum ya komo cikin watan Yuni ko Yuli sai ya tarar da 'yan ƙwayoyi huɗu ko biyar a kashi guda, da tsadar da ta kan sa uwargida ta koma ga busasshe. Dalilin wannan sananne ne. Tumatir abin rani ne a ƙasar nan, sanyin hunturu ya ke so. Da zafin bazara ya kama sai furensa ya riƙa zuba. In damina ta sauka kuma ruwa ya buge shi, cuta ta kama ganye, ƙwari su ƙarasa sauran.

Wannan rata da ke tsakanin araha da tsada ita ta sa waɗansu masu lambu, da ma'aikata masu shirin barin aiki, da samarin da suka gama makaranta, suka fara sha'awar wata irin rumfa ta ƙarfe da leda wadda a ke shuka a cikinta. Turawa suna ce mata girinhawus, a nan kuwa waɗansu su kan ce rumfar leda, waɗansu ɗakin shuka. Akwai kuma wani dalili mai nauyi. Shekaru fiye da 10 ke nan rashin zaman lafiya yana hana mutane da yawa na ƙasar Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan Zamfara zuwa gonakinsu na nesa. Wanda ba ya iya isa gonarsa ta daji, tilas ya yi tunanin yadda ɗan filin da ke bayan gida zai ciyar da iyali.

To, amma rumfar nan ba abin wasa ba ce. Ta sosai mai ƙarfe kuɗinta ya kan kai miliyoyin Naira, watau jarin mutum duka, ko kuwa bashi. Dillalanta kuma, waɗanda galibi daga Kano ko Kaduna ko Abuja ko Ikko su ke, suna da kalmomi nasu waɗanda manomi bai saba ji ba. Mutum ya kan ji kunyar tambaya, ya yi ta gyaɗa kai, ya biya, a kawo masa abin da ba zai yi masa aiki ba. Mai tambaya kuwa ba ya ɓata.

INDA TA SAMO ASALI

Dabarar ta daɗe. Sarkin Rum Tibariyas, wanda ya yi sarauta daga shekara ta 14 zuwa ta 37 bayan haihuwar Annabi Isa, yana son kokwamba kullum, rani da damina. Masu lambunsa suka riƙa shuka ta cikin akwatuna masu ƙafafu, su turo su rana da safe, in sanyi ya yi su rufe su da wani dutse mai sheƙi wanda haske ke ratsawa. Daga baya mutanen Holan da Ingila suka gina ɗakuna na gilashi. A kudancin Sifen, wajen garin Almeriya, an fara yin na leda cikin shekarun 1960, yanzu kuwa sun rufe fili fiye da kadada dubu 30.

Abin lura a nan shi ne, mutanen ƙasashen sanyi sun ƙago ɗakin nan ne domin ya tsare ɗumi. Haske ya shiga ya ɗumama ƙasa da shuka, iskar da ta yi zafi kuma ta rasa hanyar fita. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da aka rufe a rana ya san abin. A Gusau kuwa ba ɗumi a ke nema ba. Cikin Maris da Afrilu ma'aunin zafi ya kan kai digiri 40 ko kusa da haka a inuwa. Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 27, in zafi ya zarce 35 fure ya kan zube bai ɗaura 'ya'ya ba. Rumfar da ba ta shan iska tana iya ɗara waje zafi da digiri 5 har 10. Wanda ya sayi irin wannan ya sayi tanda.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Irin tumatir ya kan yi mako 3 ko 4 a bedi, bayan dashe kuma ya yi wata biyu da 'yan kwanaki kafin a fara tsinka. Saboda haka mai son ya kai kaya kasuwa lokacin tsada, cikin Yuni da Yuli da Agusta, dole ya yi yafi cikin Maris ko Afrilu, shukarsa ta yi fure a ƙarshen bazara. Watau lokacin da ya fi kowane zafi shi ne lokacin da rumfar za ta nuna ko ta cancanci kuɗinta. Manomin ƙasar nan abu huɗu ya ke saye: iska, da inuwa, da kariya daga ƙwari, da kariya daga dukan ruwan sama. Kowace kalma dillali ya faɗa, sai a auna ta da waɗannan huɗun.

TSAYI DA TAGA

Irin da ya fi yawa a kasuwa shi ne wanda su ke kira tanal. Kamanninsa kamar an tsaga ganga biyu an kifa. Girman da aka fi sayarwa a Nijeriya shi ne faɗi mita 8, tsawo mita 24. Ya fi sauran araha, amma in gajere ne, ba shi kuma da taga a sama, zafi ya kan taru a ciki.

Tsayi iri biyu ne, na tsakiya da na gefe. Na gefe shi ne inda rufi ya ke haɗuwa da bango, wurin indararo. Dillali ya kan faɗi na tsakiya domin shi ya fi daɗin ji. Manomi sai ya tambayi na gefe. A ƙasar zafi kada ya gaza mita 3, in ya kai 4 ya fi kyau, domin iska mai zafi sama ta ke tashi, in rufi ya yi nisa da kan shuka sai ta bar ganye ya huta.

Sa'an nan taga, wadda su ke ce wa benti. Ta gefe kaɗai ba ta isa ba. A nemi rumfa mai tagar sama, wadda ta bi tsawon rufin tun daga wannan kai har wancan. Iska mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta gefe, kamar yadda hayaƙi ke fita daga madafi mai kafa. Waɗansu rufin nasu hawa biyu ne, wani ɓangare ya ɗara wani, shi ya sa a ke ce masa haƙorin zarto. Masana sun ce a ƙasar zafi, in aka haɗa faɗin tagogi duka, ya kamata ya kai kashi ɗaya cikin biyar ko cikin huɗu na faɗin daɓen rumfar.

LEDAR RUFI

Kaurin leda da maikiron a ke aunawa. Maikiron 1,000 su ne milimita guda. Ledar rufi ta kirki maikiron 200 ce, watau kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Amma kauri kaɗai bai isa ba. Cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, shi ke sa bokitin roba ya yi fari ya tsage in ya daɗe a tsakar gida. Ledar da aka haɗa da maganin wannan ita ce a ke rubuta wa harufan UV. Ta kan yi shekara 3 ko 4. Ledar kasuwa ta shanya, ko da ta yi kauri, 'yan watanni kaɗan za ta yi ta ruɓe ta yage. Da ido ba a bambanta su sa'ad da su ke sababbi, saboda haka a nemi ganin rubutun kamfanin da ya yi ta a jikin naɗin, da shekarun da ya yi alkawari.

Akwai leda garau, akwai mai dishi-dishi kamar hazo. Mai dishi-dishin tana watsa haske ko'ina, ganyen ƙasa ya samu, 'ya'yan sama kuma kada rana ta ƙone su. Ita ta fi dacewa da ƙasar nan. Akwai wadda aka yi domin kada raɓa ta taru ta riƙa ɗiga kan ganye, wannan tana da ciki da baya, in aka juya ta wajen ɗaurawa amfaninta ya tafi. Akwai kuma wadda su ke kira tamal, aikinta tsare ɗumi da dare. Mutumin Turai ke bukatarta, mutumin Tsafe kada ya ƙara ko kwabo dominta. Gilashi da farantin roba mai tauri suna da ƙarko, amma tsadarsu ta fi ƙarfin mai ƙaramin lambu, ba su kuma rage zafi.

RAGA IRI BIYU

Masu lambu ba su manta da shekara ta 2016 ba. A shekarar ne wani ɗan malam-buɗe-littafi da Turawa ke kira Tuta absoluta, manoma kuwa suka sa masa suna sharon, ya cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, ya shiga Sifen a 2006, daga nan ya tsallako Afirka. Tsutsarsa cikin ganye ta ke shiga, inda feshi ba ya samunta da sauƙi. Ɓarnar ta kai har Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci kan tumatir cikin watan Mayu na shekarar. Ban da sharon akwai farin ƙuda, ɗan mitsitsi, wanda ke ɗauke da cutar da ke nannaɗe ganye ta tsumburar da shuka.

Ragar ƙwari ita ce garkuwa daga waɗannan. Da mesh a ke auna ta, watau yawan zaren da ke cikin inci guda. Lamba na hawa, ido na ƙanƙancewa. Mesh 50 ita ce a kan sa domin farin ƙuda, tana kuma tsare sharon in babu ɓula. Ragar taga ta sauro ba ta tsare farin ƙuda. Amma a sani, raga mai ƙananan idanu tana rage iska ƙwarai, saboda haka wanda ya sa ta sai ya ƙara faɗin taga. Ƙurar hunturu kuma ta kan toshe idanun, dole a riƙa wanke raga da ledar rufi da ruwa da tsumma mai laushi kafin bazara ta shigo.

Ragar inuwa dabam ce, ba ta hana ƙwaro shiga. Lambarta tana nuna yawan hasken da ta ke tarewa. Mai lamba 30 zuwa 50 cikin 100 ta isa tumatir da tattasai. Wadda ta fi haka duhu sai shuka ta yi tsawo siririya, 'ya'ya kaɗan. An fi so a shimfiɗa ta bisa rufi daga waje lokacin bazara, in damina ta kankama gizagizai suka yi yawa a naɗe ta.

Wata rumfar raga ce zalla, sama da gefe. Ta fi sanyi, ta fi araha, amma ruwan sama yana ratsa ta. Ga mai niyyar noman damina, leda a sama raga a gefe shi ne daidai.

Ƙofa kuma ta zama biyu, da ɗan ɗaki tsakaninsu kamar zaure. A shiga ta fari a rufe, sa'an nan a buɗe ta biyu. A cikin zauren a ajiye ruwan magani na tsoma takalmi. Rumfa mai ƙofa ɗaya da a ke bari buɗe ta fi fili hatsari, domin ƙwaron da ya shiga ya sami abinci, ba tsuntsu ba ruwan sama, sai ya yi ta hayayyafa.

ƘARFE DA ISKA

Mutanen Zamfara sun san iskar farkon damina, wadda ta kan taso daga gabas ta kwashe kwanon gidaje. Rumfar leda kuwa kamar babbar lema ta ke. In dillali ya ce ƙarfensa galbanais ne, ma'anarsa an lulluɓe shi da tutiya irin ta kwanon rufi domin kada ya yi tsatsa. Baƙin bututu da aka shafa wa fenti mai ruwan azurfa yana kama da shi, amma cikin rumfa kullum da laima, ba zai daɗe ba. A kankare shi da wuƙa a gani. A tambayi kaurin jikin bututun, kada ya gaza milimita ɗaya da rabi. A tambayi ratar da ke tsakanin baka da baka, mita 2 zuwa 3 a ke so. Kowace ƙafa a binne ta cikin kankare, a kuma gicciya ƙarafa a kusurwoyi.

Ƙarfen nan har da kaya zai ɗauka. Tumatirin rumfa da igiya a ke ɗaure shi zuwa wayar da ke sama, in ya yi 'ya'ya nauyin duka yana iya kai tan 2. Leda kuma ba da ƙusa a ke kafa ta ba. Akwai wani kwararo na ƙarfe da a ke sa bakinta a ciki, a danne da waya mai lanƙwasa-lanƙwasa. A tabbata yana cikin kayan.

Wurin kafawa shi ma abin dubawa ne. Kada a kafa gindin itace ko jikin katanga inda iska ba ta ratsawa. Masu lambun bakin Gulbin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, su guji kwari inda ruwa ke kwanciya cikin Agusta da Satumba, su hau tudu.

RUWA

Cikin rumfa ko ɗigon ruwan sama ba ya sauka, ko da tsakiyar damina ce. Ga lissafi. Mita 8 sau 24 ya ba da murabba'in mita 192. In aka dasa tushe biyar cikin kowane murabba'i biyu, za a sami tushe 480. Tushen da ya girma ya kan sha wajen lita 2 a yini lokacin zafi, wani lokaci fiye. Ke nan lita 960, kusan jarka 40 ta 'yan ga-ruwa, kowace rana, ba fashi. A tudun Tsafe da Kwatarkwashi, inda ƙasa ke da dutse, rijiya kuma ta kan ja baya da bazara, mutum ya fara auna ruwansa cikin Afrilu kafin ya yi maganar rumfa.

Ban-ruwan ɗigo su ke kira dirif. Siririyar mesa ce mai ƙananan huda, ta kan bi layin shuka tana ɗiga a gindin kowane tushe. Tankinta a kan ɗora shi bisa dandamali mai tsayin mita ɗaya da rabi ko 2. Tsakanin tanki da mesa akwai mataci, watau filta. In babu shi laka ta toshe hudojin cikin 'yan makonni. Takin zamani mai narkewa sarai a kan zuba shi cikin tankin ya bi ruwa, amma wanda ke barin guɗaji a ƙasan bokiti ba ya yin wannan aiki.

Wani dillalin zai tallata fanka da jiƙaƙƙen bango mai sanyaya iska. Dabarar irin ta randa ce, ruwa na tsanewa yana jan zafi. Tana aiki da rani sa'ad da iska ta bushe, da damina kuwa amfaninta kaɗan ne. Tana kuma cin lantarki da ruwa, in wuta ta ɗauke da tsakar rana rumfar a rufe ta ke, shuka na iya dahuwa cikin sa'a guda. Wanda ba shi da sola mai ƙarfi ya bar ta.

ƘASA DA IRI

Rumfa ba ta tashi daga inda aka kafa ta, saboda haka cutar ƙasa ta kan taru, musamman tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli, da cutar da ke sa tushe ya yi yaushi dare ɗaya. Magani ɗaya shi ne a jiƙa ƙasar sharaf, a rufe ta da farar leda mako 4 zuwa 6 cikin bazara, rana ta dafa ta. Wani maganin shi ne shuka cikin buhunan leda da aka cika da dafaffiyar ƙasa da ruɓaɓɓen taki da buntun shinkafa da aka babbaka. Waɗansu da garin ɓawon kwakwa su ke cikawa.

Irin tumatir kashi biyu ne. Akwai mai tsayawa, wanda ke zuba 'ya'ya kusan lokaci guda, shi ne na fili. Akwai mai yaɗo, wanda ke ta hawa igiya ana tsinka watanni, shi aka fi sa wa a rumfa. A nemi mai jure zafi. In an ga F1 a jikin fakiti, iri ne na aure, ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa. Tun da zuma ba ta shiga, sai a riƙa ɗan girgiza igiyoyin da hantsi domin fure ya ɗaura. Kokwamba kuma a nemi irin rumfa, mai yin 'ya'ya ba da taimakon zuma ba.

KAFIN A MIƘA KUƊI

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya nemi waɗannan:

1. A nuna masa rumfar da dillalin ya kafa a ƙasar zafi irin wannan, wadda ta shekara biyu. Ya shiga cikinta da azahar cikin bazara, ya yi magana da mai ita.
2. A rubuta masa a takarda tsayin gefe, da kaurin leda, da lambar raga, da kaurin ƙarfe.
3. A bayyana ko kuɗin ya haɗa da dako da kafawa da tanki da mesa.
4. A faɗi wanda zai gyara in iska ta yi ɓarna, da inda za a sami sabuwar leda in wannan ta tsufa.
5. Ya san wanda zai sayi kayansa tun kafin ya dasa.

Ya kuma kai takardar ga malamin gona ya duba masa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ibadan, wadda aka kafa a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, wurare ne na neman shawara kan iri da ƙwari.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba kada ya ci bashi. Masu lambun ƙasar nan tun tuni su ke yi wa bedin yafi rumfar kara da ciyawa. Sai a ɗora a kan wannan. Ɗan ɗaki na gora ko azara, mita 3 faɗi mita 4 tsawo, a kewaye shi da ragar ƙwari, a shafa wa ƙafafunsa maganin gara, ya isa rainon dubban tsirrai. Dashen da ya yi makonninsa na fari farin ƙuda bai taɓa shi ba ya kan fi lafiya a fili, maƙwabta kuma za su zo saye. In mutum ya shekara yana wannan, ya koyi rufe ƙofa da auna ruwa da gane ƙwaro, sa'an nan in ya je wurin dillali ya san abin da zai tambaya.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo zaman lafiya, amin.